Yara Biyar a Gidan Marini

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na san cewa mahaifina yana da wa. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Na dawo ne daga aiki da la'asar, na ajiye tasi a bakin layinmu na unguwar Hindawiyya a nan Makka bayan na gama cacar bakin da nake yi kullum da mai shagon kusurwa a kan wurin ajiye mota, na hau bene da ledar burodin tamis a hannu. Na tarar da kakata, uwar mahaifina, zaune a bakin gado ta ƙura wa dardumar salla ido. Tun rasuwar Baba a wurina take. Na yi mata tsiyar da na saba.

"Amarya, yau ma ba a yi wa maigida girki ba? Wallahi yaji zan yi."

Da a ce ranar lafiya ce, da ta ce mini wane maigida, mai ƙafa kamar muciya. Can sai ta ce, "Ko yana da rai?"

"Wa fa?"

"Wancan. Na gida."

Na ɗauka maƙwabcinmu na ƙasa take nufi, wanda aka kwantar a asibiti makon da ya wuce. Na ce ai an sallame shi. Ta girgiza kai. Ta ce ba wannan gidan ba, gida na can, inda aka fito.

A ranar ta ba ni labarin, a gutsure, tana yi tana tsayawa. Kafin ita da kakana su baro ƙauyensu a ƙasar Kano su kamo hanyar gabas a ƙafa, ta riga ta haihu. Namiji ne, ɗan fari. Ranar da aka yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi, ya koma ɗakinta. Da tafiyar ta tashi aka ce ba a jan ƙaramin yaro a wannan doguwar hanya, su je su sauke farali su dawo, shekara biyu ce ko uku. Hanya ta ci musu bakwai. Sun yi noma a Cadi, sun tsinci auduga a Sudan, a can aka haifi mahaifina. Kakana ya yi hajji biyu ya rasu a unguwar Misfala ta Makka, ya bar ta da yaro da kaskon tuya. Ta soya ƙosai, ta yi wa alhazai wanki, ta tsufa a nan. Hanyar komawa ba ta taɓa buɗe mata ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Haba, Kaka! Shekara nawa ke nan? Baba ya rayu har ya mutu bai san yana da ɗan'uwa ba?"

"Ya sani," in ji ta. "Bai tambaya ba ne. Shi yana da kunya, ba irinka ba."

"To duk alhazan nan da ke sauka a Misfala kowace shekara, ba ki taɓa tambayar kowa ba?"

Ta ce ta tambaya. Tana zuba musu ƙosai tana kasa kunne, in ta ji harshen wajensu sai ta ce, ina labarin gidan marina na gari kaza? Wasu ba su san garin ba, wasu su ce wa kike nema a gidan, Hajiya? A nan maganar ke mutuwa. Mace ba ta kama sunan ɗan farinta. Mu da aka haifa a Makka, da rabin maganarmu Larabci ne, mun san da haka a baki kawai. Ita kuwa a jininta yake.

Na ce, "Ɗayyib, na ji. Yanzu me kike so a yi?"

Ta ce ranar da za su tashi, mutanen unguwa sun cika ƙofar gida ana sallama. Yaron yana goye a bayan kakarsa, ya miƙo mata hannu. Ta wuce ba ta dube shi ba, saboda surukai na tsaye, kuma a lokacin abin yabo ne a ce ko kallonsa ba ta yi ba. Har an yi ta shi mata albarka. "Ina so a ce masa ya yafe mini," ta ce. "Shi ke nan abin da nake so. Kafin a kai ni."

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, ta faɗi sunan kawai. Ta juya mini baya ta jawo mayafi.

Ni direba ne. In ka ce mini ga unguwa ga layi, ko a ranar Arfa zan san ta inda zan kutsa in kai ka. Amma ƙasar da aka ce tawa ce ban taɓa taka ta ba, ban san kowa a cikinta ba. Na yi kwanaki ina tuƙi ina saƙa da warwara, har wata rana na wuce da fasinja wurin saukarsa ya yi ta zazzaga mini masifa.

Akwai wani bawan Allah mutumin Kano da ke haya a ƙasan benenmu, da iƙama ya zo, wato takardar izinin zama da aiki, tayil yake ɗaurawa. Wani lokaci nakan rage masa hanya da safe. Shi na fara yi wa maganar, don dai in rage nauyin ƙirjina. Ya ce, "Ikon Allah! Alhaji, ai ka zo a daidai." Wai wata ma'ajiyar tsofaffin takardu a can gida ta ɗauki hotunan littattafan ƙidayar mutane na zamanin Turawa ta sake su, kowa na iya dubawa a waya. Danginsa sun yi ta murna, sun ga sunan kakansu da na matansa da adadin mutanen gidansa. Ya ce in dai na san garin da sunan maigidan, za a gani.

Garin na sani, Kaka ta faɗa. Sunan kakana kuwa yana jikin takarduna, shi ne na uku a jerin sunana, na mahaifinsa na huɗu. Ka ga ikon Allah, sunan da na yi ta rubutawa a ofisoshi ban taɓa tunanin mutum ne mai gida da zaure ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka zauna a ɗakinsa, fanka na kaɗa mana iska mai zafi. Ni karatun Larabci na yi, bokon Hausa da girmana na koya, shi ma sai in an buga shi da inji. Wannan kuwa rubutun hannu ne, a karkace, tawada ta kode, wani wurin gara ta ci. Shi ke karantawa, ni ina leƙe ta kafaɗarsa ina cewa, "Yalla, wuce, wuce." Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri mana, ba fa mota nake tuƙawa ba." Mun fi awa biyu muna bin shafi-shafi, gidan maƙera, gidan liman, gidan mahauta. Har na ce halas, a bari sai wani jiƙon, sai ya ɗora yatsa a kan gilashin wayar.

Ga sunan uban kakana, a gabansa an rubuta marini. A ƙasa ga kakana, shi ma marini, mata ɗaya. Wato ita ke nan, tsohuwar da na bari a sama tana jan carbi. Na ce, "Karanta wurin 'ya'ya."

Ya ce, "Babu komai a wurin."

"Kamar yaya babu komai? Ƙara girman hoton."

Ya ƙara. Layi ne kawai aka ja. Amma a ƙarƙashin tsohon marinin, malamin ƙidayar ya jera yara maza biyar da sunayensu, kowanne an rubuta ɗa a gabansa. Ba shekaru, ba sunan uwa.

Na hau sama da wayar a hannu, na ce, "Kaka, takarda ta ce ba ki da ɗa."

Ta ce, "Ni na faɗa musu haka."

Ta tuna ranar sarai. Malamin ƙidayar ya zo da dogari, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka fito da mutanen gida. Da aka zo kanta ya ce, yarinya, kina da ɗa? Ga surukinta a zaune, ga yayyen mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Mutane suka yi dariya, surukin ya ce, "Malam, ƙyale ta, sa shi cikin nawa." Aka sa shi cikin nasa.

Na zauna a ƙasa na dafe kai. Wai wannan ita ce tarbiyya! Na so in yi faɗa, amma da wa? Malamin ya mutu, surukin ya mutu, dogarin ya mutu. Wadda ta rage ko tsayuwa ba ta iya yi sai an kama ta.

Mai tayil bai gaji da ni ba, Allah ya saka masa. Yana da ƙane malamin makaranta a wani gari kusa da can. Muka tura masa sunaye biyar ɗin, ya hau babur ranar hutunsa ya tafi. Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba. An cike ramukan rinin tun tuni an yi shaguna a kai. Gidan ya zama na wasu. Ya dai sami wani dattijo da ya tashi ya tarar da mutanen gidan, ya karanta masa sunayen. Dattijon ya ce huɗu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya a soja, ɗaya a kurmi wajen fatauci, biyu a gida. Ɗaya ne ya rage, yana zaune wurin 'ya'yansa a cikin birni, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Da aka tambaye shi wanne ne jika a cikinsu, ya ce shi dai 'ya'yan marini ya san su, duka biyar. A shekarun nan, in ji shi, kusan kowane gida akwai wanda ya yi gabas bai dawo ba, wa zai riƙe lissafin yaran da aka bari?

Malamin makarantar bai tsaya nan ba, ya nemi tsohon da ya rage har gida. Tsohon ya ce tabbas sun taso suna jin ƙishin-ƙishin cewa ɗaya daga cikinsu iyayensa suna Makka. Amma a gidansu ba a yin wannan magana. Matan gidan duka Inna ake ce musu, a akushi ɗaya suke ci, kuma tsohon marini ya hana a nuna wa kowane yaro cewa shi riƙo ne. Shi kansa ya sha kwanciya yana tunanin ko shi ne. Bai taɓa tambaya ba, don tambayar ma rashin kunya ce.

Ka ji fa. Can kara, nan kara, aka haɗu aka binne mutum da ransa.

Sai magana ta dawo kan Kaka. Sunaye biyar, ɗaya mai rai, kuma duk duniya ita kaɗai ta san na gaskiyar. Na lallaɓa ta. Na yi mata wasa, na ce in ba ta faɗa ba na sake ta saki uku, ko murmushi ba ta yi ba. Na tambaye ta ko yaron na da wata alama a jiki, tabo ko tawadar Allah, ta ce lafiyayye ne sumul, ba shi da komai. Na kawo mata maganar malamai, cewa babu inda addini ya hana uwa kiran ɗanta. Ta ce ta sani. Ranar da haƙurina ya ƙare na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Surukan da kike jin kunya ƙasa ta cinye su! Wa ya rage? Ni? Ni ne za ki ji wa kunya? Mutumin nan tsoho ne, ke ma tsohuwa ce, kina jira sai ɗayanku ya tafi a yi ihu bayan hari?"

Ta dube ni kawai. Na fita na buga ƙofa, na zauna a cikin mota ban tayar ba. Kunyar kaina ta ishe ni.

Matata ce ta kawo dabara. Ta ce, "Kai dai ba ka da lissafi sai faɗa. Wa ya ce sai ta faɗa da bakinta? Ka karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe hannunta. In ka zo kansa ta matsa maka hannu. Ba ta kira suna ba, kai kuma ka ji." Na ce wallahi kin yi magana. Na sa mai tayil ya sake karanto mini sunayen, na rubuta su da haruffan Larabci a bayan wata takardar gareji don kada in yi tuntuɓe.

Washegari na taso aiki da wuri. Bayan la'asar na shiga ɗakinta, na ba ta haƙurin abin da na yi, na gaya mata yadda za a yi. Na zaci za ta ƙi. Sai na ga ta gyara zama da sauri, ta miƙo mini hannun da kanta, ta ce matata ta rufe taga don hayaniyar layi. Hannun ba nauyi, sanyi ƙalau.

Na karanta na farko, na tsaya. Na karanta na biyu. Na uku shi ne mai ran, na ja shi a hankali. Hannun bai motsa ba. Na huɗu. Na biyar.

"Sake," ta ce.

Na sake. Ta rufe ido, ta karkato da kunnenta wajen bakina. Na kai ƙarshe.

"Sake, a hankali."

A karo na uku na ɗaga murya, ina tsammanin kunnen ne. Ta ce, "Kai, ba kurma ba ce ni, ina jin ka." Sai ta saki hannuna ta ɗora nata a cinya. "Sunan ne babu."

Ban gane ba. Na ce ko malamin ƙidaya ya rubuta wani daban?

"Yana ciki," ta ce. "Dole yana ciki. Ni ce ba ni da shi."

Ta ce a hanya kullum tana faɗinsa a zuci, in ta ɗora kaya a ka, in ta sauke. Ta faɗe shi a zuci a ɗawafinta na farko. Daga baya sai ya zama in za ta yi masa addu'a ta ce wancan, Allah ai ya san wanda take nufi. Ba ta san shekarar da sunan ya fita daga kanta ba. Ranar da na shigo da burodi na same ta zaune, ta idar da salla ne ta ce bari yau ta kira shi sau ɗaya, ita da Ubangijinta, ba kowa a ɗakin. Ta laluba ba ta same shi ba. Duk kwanakin nan da nake mata faɗa ina cewa kunya ce, ita jira take in kawo takardar, ko in ta ji shi a bakin wani zai dawo.

"Na ji su duka," ta ce. "Sunayen mutane ne kawai."

Ban taɓa jin na zama banza irin na wannan rana ba. Matata ta fita da sauri tana share fuska. Ni kuwa ina zaune riƙe da takardar gareji. Wace uwa ce za ka yi wa ta'aziyyar irin wannan, kuma da wane baki?

Bayan kwana biyu ita da kanta ta ce a kira mata mai ran. Na ce ba mu fa tabbatar ba. Ta ce ta sani, a kira.

Malamin makarantar ya sake hawa babur ya je birni, muka sa lokaci da hantsi, kafin tsohon ya gaji. Mai tayil ya bar aikinsa ya hau sama ya haɗa mana kiran. Sai ga fuska a waya: tsoho baƙi siriri da farar hula, idanu a shafe, yana zaune a kan tabarma jikin bango. Na kai mata wayar dab da fuskarta. Ta dube shi ta daɗe. Yaron da ta sani bai gama iya magana ba, wannan kuwa haƙoransa sun zube.

Suka gaisa kamar baƙi a layin asibiti. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafi. Ya ce mata Hajiya, ita ba ta kira shi da komai ba. Sannan ta ce, muryarta a ƙasa, "Akwai wata mata da ta tafi ta bar yaro a ƙofar gidanku. Ya miƙo mata hannu ba ta karɓa ba. Ta ce a roƙa mata gafara."

Sai muka ga tsohon yana goge ido da bakin riga. Ya ce, "Hajiya, ban sani ba ko ni ne. Wallahi ban sani ba, na so a ce na sani. In ni ne, na yafe duniya da lahira. In kuma cikin 'yan'uwana ne da suka tafi, to na san halinsu, babu mai riƙo a cikinsu. Ki sa mu a addu'a a Ɗakin Allah."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta faɗa sau uku. Daga nan hoton ya tsaya cik, kiran ya katse.

Mai tayil ya sulale ya sauka. Ita kuwa ba ta saki wayar ba, ta riƙe ta da hannu biyu tana kallon baƙin gilashin. Can ta ɗago ta dube ni.

"Maigida," ta ce. "Shi ne?"

Na buɗe baki zan ce shi ne. Kalma biyu ce, ba wanda zai kama ni, kuma da ta yi barci mai daɗi. Ta riga ni.

"Kada ka yi mini ƙarya."

Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini wayar, ta ce in taimaka mata ta kwanta.